Daga Kano Zuwa Jimeta a Kan Tayar da Ta Shekara Tara

Bayan ƙaramar Sallah ta 2025 da kamar mako biyu aka sa ɗaurin auren ƙanwar maiɗakina a Jimeta, kuma da yake muna da kaya da yawa na gudunmawa, sai na yanke shawarar mu tafi a motata, Toyota Corolla ƙirar 2007, maimakon mu shiga motar haya. Tafiya ce ta kusan kilomita 700 idan aka bi ta Bauchi da Gombe, saboda haka tun saura kwana uku na kai motar gareji aka yi mata juye, aka canza baƙin mai da filta, aka duba birki da fambel, aka cika ruwan lagireto. Na kuma sayi sababbin tayoyi biyu aka ɗaura a gaba. Na baya kuwa, waɗanda na saya 'yan Beljiyam shekara biyu da suka wuce, na duba na ga zanensu yana nan daram, sai na bar su. Da yammacin Laraba na biya wurin mai facin unguwarmu ya buga wa kowace ƙafa iska 45, kamar yadda ya saba yi mini tun da na sayi motar. Ban buɗe but na ɗaga shimfiɗa na duba safaya ba, ban kuma kunna fitilu na zagaya motar ba, domin niyyata ita ce mu shiga Jimeta kafin magariba.

Mun tashi ranar Alhamis bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da ɗanmu mai shekara goma sha biyu, da gangan don mu kauce wa cunkoson kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Muka ƙetare gadar Wudil gari yana wayewa, muka karya ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, daga nan Ningi da Kafin Madaki, ba tare da wani abin faɗa ba sai shingayen 'yan sanda da suka duba takardu suka ce mu sauka lafiya. Wajen ƙarfe goma da rabi muka shiga Bauchi, inda na sha mai a kan naira 950 kowace lita, muka karya kumallo da masa da miyar taushe, wadda na yarda ta fi wainar da muke ci a Kano laushi da faɗi.

A Bauchi ne muka ɗauki kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya yi fiye da shekara talatin yana jan tankar mai tsakanin Kudu da Arewa maso Gabas kafin ciwon gwiwa ya ajiye shi. Da ya fito da jakarsa bai shiga motar kai tsaye ba, sai ya zagaya ta a hankali yana shafa kowace taya da tafin hannu, ya zo ƙafar baya ta dama ya tsuguna, ya daɗe yana kallon gefenta. Daga nan ya kira ni ya ce, “Ɗana, zo ka karanta mini waɗannan lambobin, idona ya yi rauni.” Ya nuna mini wani layin rubutu da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu cikin wani ɗan zagaye, na karanta masa 1416. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an ƙera tayar a mako na 14 na shekarar 2016. Ya sa na duba ɗayar ta baya, ita ma ta 2016 ce, sababbin na gaba kuma suna ɗauke da 3824. Sannan ya sa farce ya nuna mini wasu ƙananan tsage-tsage a gefen tayar da tsakanin zanenta, kamar faso a dunduniya, waɗanda ban taɓa lura da su ba duk da cewa ni nake wanke motar da kaina kowace Asabar.

Na ce, “Kawu, ai zanen bai suɗe ba.” Ya amsa da cewa zane yana nuna yawan tafiyar da taya ta yi ne, ba ya nuna shekarunta, roba kuma tana bushewa ko da a ɗaki aka ajiye ta, balle a ranar ƙasarmu. Ya ba da shawarar mu nemi tayoyi a nan Bauchi kafin mu ci gaba. Na lissafa kuɗin da ke aljihuna da lokacin da za mu ɓata, na roƙe shi mu lallaɓa zuwa Jimeta, bayan biki sai a canza. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in dai haka ne kada in wuce gudun 80, wanda dama shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci a irin wannan hanya mai hannu ɗaya. Na amsa masa da baki, amma zuciyata tana kan magariba.

Mun ƙetare kogin Gongola a Dindima, kusa da inda hanyar Yankari ta rabu, muka wuce Alƙaleri wajen sha biyu da rabi, lokacin da zafin bazara ya kai har kwalta tana walƙiya kamar an zuba mata ruwa. Ba mu yi nisa da garin ba na daki wani rami mai kaifin baki da ban hango shi da wuri ba, ina gudun da ya haura ɗari, kuma ba a yi minti biyu ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga, bayan motar ya fara wutsil-wutsil yana neman ya juyo gaba. Ƙafata ta riga ta doshi birki sai na ji muryar Kawu a kunnena, ba da tsawa ba, yana cewa, “Kada ka taka, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafarka daga totur a hankali.” Na yi yadda ya ce, motar ta rage gudu da kanta, sai da ta sauko ƙasa sosai sannan na taɓa birki sannu-sannu na gangara gefen hanya. Maiɗakina tana ta maimaita innalillahi, yaron kuma ya ƙanƙame kujerar gaba bai ce uffan ba. Da muka fito, ƙafar da Kawu ya tsuguna a gabanta ce ta yi kaca-kaca, wayoyin cikinta sun fito waje, wani ɓangare na robar ya daki bodin motar har ya lotsa shi.

Kawu bai ce mini ai na faɗa maka ba, sai ya sa yaron ya ɗauko alamar gargaɗi mai kusurwa uku ya kai ta can baya da nisa, ni kuma ya ce in kunna fitilun haɗari in ja birkin hannu, ya samo dutse ya tokare ƙafar gaba ta hagu. Sai da muka sauke kayan biki gaba ɗaya a bakin titi kafin mu kai ga safaya, wadda irin siririyar nan ce da motocin da aka shigo da su daga Amurka suke zuwa da ita. Na danna ta da babban yatsa sai ta lotsa. Shekara shida ina da motar ban taɓa buga wa safayar iska ba, domin duk lokacin da na yi faci a cikin gari, mai faci yana kusa.

Babu inuwa a wurin sai wata aduwa guda, a ƙarƙashinta muka zauna kusan rabin awa kafin Allah ya kawo wani saurayi a kan babur da buhun gawayi a bayansa. Ya sauke buhun ya bar shi a wurinmu, ya goya ni da safayar zuwa wani ƙauye da ke gaba, inda muka tarar da mai faci yana sallar azahar a gefen injinsa. Bayan ya idar ya tayar da injin, ya buga mata 40 ya ce ta yi. A nan ne na fara amfani da abin da na koya da safe, na duba jikinta na ga an rubuta 60, da kuma gargaɗin kada a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Na nuna masa, ya yi mamaki ya ce bai taɓa sanin ƙaramar taya tana cin iska fiye da babba ba, sannan ya ƙara, ya tsoma ta a ruwa ya tabbatar bawul ɗin ba ya yoyo. Naira 500 ya karɓa. Mai babur kuwa ya ƙi karɓar komai, sai da na rantse masa sannan ya yarda na sa masa mai.

Wajen ɗaura ta, Kawu ya zauna a kan jarka yana ba da umarni, ya ce ni da yaron za mu yi aikin da hannunmu. Ya sa na sassauta notoci tun motar tana ƙasa, domin idan an ɗaga ta ƙafar juyawa za ta yi ta yi, ya nuna mini inda aka yi wa jak gurbi a ƙasan bodi, wani wuri mai 'yar tsaga kusa da ƙafar, ya ce idan aka kafa shi a wani wurin ƙarfen lanƙwashewa yake yi. Ya sa aka tura fasasshiyar tayar ƙarƙashin motar ko da jak zai zame. Da muka zo ɗaurewa ya hana ni bin notocin a jere, ya ce a riƙa tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi don rim ɗin ya zauna daidai, sannan a ƙarasa matsewa bayan an sauke motar. Abin da ya ci mana lokaci bai wuce aikin minti ashirin ba, amma tsakanin fashewar da tashinmu mun ɓata fiye da awa biyu.

Da gudun 60 muka lallaɓa zuwa Gombe, muka shiga bayan la'asar, muka nufi layin masu sayar da tayoyi. Shago na farko aka fito mana da 'yan Beljiyam an shafe su da baƙin mai suna sheƙi, a kan ƙasa da rabin kuɗin sabuwa. Na duba guda uku, ɗaya ta 2017, ɗaya ta 2015, ta ukun kuma an kankare wurin lambar gaba ɗaya. Ba na zargin masu wannan sana'a da mugunta, domin tsadar sabuwa ce take tura mu wurinsu, ni ma ita ta tura ni, amma tayar da aka cire daga mota a wata ƙasa babu wanda zai iya gaya maka ramin da ta daka ko shekarun da ta yi a jibge. A shago na uku muka sami sababbi masu lambar 195/65 R15, daidai da na gaba, Kawu ya fassara wa yaron cewa 195 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne a kan wannan faɗin cikin ɗari, 15 kuma girman rim ne a inci. Na biya naira 58,000 kowace ɗaya, da 4,000 na ɗaurawa da balansin, kuma duka biyun na ƙarshen 2024 ne. Mai shagon ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa kamfanonin taya suna ba da shawarar idan biyu kawai mutum zai canza, ya sa sababbin a baya, domin idan gaba ta zame direba yana da sitiyari a hannunsa, idan baya ta zame kuwa motar juyawa take yi. Bayan abin da na gani da rana ban yi masa musu ba.

Da aka zo buga iska ne Kawu ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda nake wucewa ta gefenta kullum. A jikinta kamfanin motar ya rubuta 30 gaba, 30 baya, 60 ga safaya. Lambar 44 ko 51 da ake gani a jikin taya, wadda masu faci da yawa suke bi, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar take buƙata ba. Iska idan ta yi yawa taya tana sandarewa, tsakiyarta ce kaɗai take taka ƙasa, birki ya rage kamu, kuma idan ta daki rami ba ta da sassaucin da za ta shanye dukan. Idan ta yi kaɗan kuma gefen yana ta lanƙwashewa har ya ɗau zafi ya fashe. Na ce to a rage na gaba yanzu, Kawu ya ce a'a, sun yi zafi da tafiya, awon da za a yi musu yanzu ƙarya ne, a bari sai da safe. Na sayi gejin iska na hannu a kan naira 3,500, muka ci shinkafa da wake a tsaitsaye, muka kama hanya wajen biyar da rabi da nufin mu kwana a Kaltungo don mu rage tafiyar gobe.

Magariba ta same mu a Kumo, muka tsaya muka yi salla, kuma da muka tashi na kunna fitila sai na ga hasken bai wuce 'yan taku kaɗan a gabana ba, ya kuma karkata gefe ɗaya. A Kano ban cika tuƙin dare ba, in ma na yi, hasken shaguna da na sauran motoci yana rufa asiri, amma a wannan hanya babu komai sai duhu da fitilun manyan motoci masu tahowa. Duk wanda ya taho da ful sai idona ya rufe na wasu daƙiƙu, Kawu ya ce in daina kallon fitilarsu, in riƙa bin bakin kwalta na hannun dama da ido. Kafin Billiri na fara ganin ganyaye a zube a kan titi, Kawu ya ce in rage gudu maza, kuma ban gama ragewa ba sai ga bayan tirela a tsaye a kan hannunmu, ba jar fitila ko ɗaya, ba abin da ke sheƙi a jikinta, sai ganyen nan da yaran motar suka karyo suka jera. Da gudun rana nake yi, da hasken da nake da shi ba zai nuna mini ita a kan lokaci ba.

A wani shinge da ke gaba wani jami'i ya haska mu da tocila ya ce, “Alhaji, ka san da ido ɗaya kake tafiya? Daga nesa na ɗauka babur ne.” Na fito na duba, fitilar hagu a mace take, ta dama kuma gilashinta ya yi rawaya ya dushe kamar an shafa masa manja. Ya sa na taka birki, ya ce ta baya ma ɗaya ce take kamawa. Ya tambayi inda za mu, da ya ji Kaltungo ce ya ce mu tafi a hankali kada mu wuce can a daren nan, ya ƙara da cewa mota mai fitila ɗaya a hagu ko dama tana yaudarar mai tahowa ya matso yana zaton akwai fili. Mun isa wajen ƙarfe tara, muka kama ɗakuna biyu a wani masauki a kan naira 12,000 kowanne, da fanka da ruwa a bokiti, aka kashe janareta sha biyun dare. Shayi da ƙwai muka samu a bakin tasha, kuma ban yi barcin kirki ba, bayan tirelar nan nake ta gani.

Da asuba, kafin rana ta taɓa motar, na auna tayoyin gaba da gejina na ga ɗaya 44, ɗaya 46, na sauke su zuwa 30, na daidaita na baya su ma. Da gari ya waye duwatsun Kaltungo suka bayyana a gabanmu, masu tsini da ba mu da irinsu a ƙasar Kano, mai masaukin kuma ya kwatanta mana wani mai wayarin. Da ya zare ƙwan fitilar hagu sai ga soket ɗin ya narke ya yi baƙi, ya nuna mini rubutun da ke jikin ƙwan ya ce mai wat 100 ne wani ya sa mini, alhali wayoyin motar an yi su ne don mai wat kusan 55. Na tuna ni da kaina na taɓa cewa a sa mini wanda ya fi haske. Ya canza soket, ya sa ƙwai biyu sababbi iri ɗaya, yana riƙe su ta gindi da ƙyalle, ya ce maiƙon yatsa idan ya taɓa gilashin ƙwan yana sa wurin ya fi sauran zafi har ya ƙone da wuri. Ya duba akwatin fis ya tarar an ɗaure ɗaya da zaren waya, ya cire ya sa fis mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin, ya ce fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin waya, idan aka ɗaure shi sai wayar ta ƙone a madadinsa. Ya canza ƙwan birki, ya goge gilasan da sanfefa mai laushi da man gogewa har suka washe, sannan ya tsayar da motar a gaban wani bango a cikin inuwar rumfa ya daidaita hasken da ya ɗaga sama. Ya kuma gaya wa yaron cewa idan sigina ta fara ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, to ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen. Duka aikin da kayan naira 14,500.

Kawu ya sa na buɗe bonet tun injin yana sanyi, na zaro sandar awon baƙin mai na goge na mayar na sake zarowa, man yana tsakanin alamomin nan biyu. Na duba man birki da ruwan da ke robar lagireto, ya ja mini kunne kada in taɓa buɗe murfin lagireto da zafi, ya nuna mini tabon da tururi ya bari a damtsensa tun yana yaron mota. Robar waifa ma ta bushe ta tsage saboda hunturu da rana, muka canza ta a nan, tunda hadari ya fara haɗuwa a wannan yankin da wuri fiye da namu.

Daga Kaltungo muka bi ta Cham muka shiga jihar Adamawa, hanyar wani wuri sumul wani wuri gargada, kuma na ji bambancin iska 30 a jikina, motar ta daina tsalle a kan kowane ɗan tudu. Muka wuce gonakin rake, muka hau gadar Numan inda Binuwai ya janye ya bar yashi fari da masunta a tsakiyarsa, muka sayi busasshen kifi na tsaraba, muka bi ta Demsa da Ngurore muka shiga Jimeta ana shirin tafiya masallacin Juma'a, cikin zafin da ya fi na Kano nauyi saboda damshin kogi. Surukaina sun yi ta kira tun daren jiya, da suka ga lotsawar bodin sai gaisuwa ta koma barka da arziki.

Ranar Litinin muka juyo, kuma kafin mu tashi yaron ne ya tsaya a bayan mota yana faɗa mini birki ya kama, sigina ta kama, ribas ta kama, sannan ya zagayo gaba na gwada dim da ful. Mun sauke Kawu a Bauchi da azahar, muka shiga Kano da sauran rana. Bayan mako biyu na biya wurin mai facin unguwarmu don ƙafar gaba ta ɗan sauka, ya jawo tiyo zai buga 45, na buɗe ƙofa na nuna masa takardar. Ya sunkuya ya karanta, ya ce, “Maigida, talatin ba za ta kwanta ba kuwa?” Na ce da ita na dawo daga Jimeta. Ya buga talatin, sannan na buɗe but na ce ya auna safaya.